An ce Amurka ta karya farashin kiran waya daga gidan yari, me ya sa har yanzu nake biya da tsada?

Tambaya

Wata baiwar Allah mazauniyar Amurka ce ta aiko da wannan tambaya. Ƙaninta na tsare a gidan yarin wata gunduma yana jiran shari'a, kuma ita ce ke sa masa kuɗin waya daga ɗan abin da take samu. Ta ce kuɗin na ƙarewa kamar ana kwasa. Da ta nemi zuwa ganinsa, aka ce mata babu ziyarar ido da ido, sai kiran bidiyo, shi ma da kuɗinsa. Mahaifiyarsu kuma tana gida Najeriya, tana son jin muryar ɗanta. Ta ji ana cewa gwamnati ta yi doka ta rage farashin. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, ina ragin ya tsaya?

Amsa

Hajiya, Allah Ya kuɓutar da shi, ke kuma Ya saka miki da alheri kan riƙon zumunci. Abin da kika ji gaskiya ne. An yi dokar, shugaba Joe Biden ya sa mata hannu a watan Janairun 2023, kuma hukumar sadarwa ta tarayya, wato FCC, ta fitar da sabon farashi a watan Yulin 2024. Sai dai kafin farashin ya kai ga gidajen yari da yawa, mulki ya canza hannu, shugabancin hukumar ma ya canza. Aka dakatar da aiki da shi a tsakiyar 2025, kafin shekarar ta fita kuma aka ɗaga shi sama. Rabin labarin na farko ne ya iso kunnenki. Kafin mu shiga lissafin senti-senti, gara ki san tushen tsadar, domin shi zai nuna miki inda za ki iya rage asara da inda hannunki ba ya kaiwa.

A gida, in MTN ta ishe ki da cin kati, sai ki cire layin ki sa Airtel ko Glo, magana ta ƙare. Tsoron haka ke sa kamfani ya yi hattara da farashi. Wanda ke tsare ba shi da wannan zaɓi. Gidan yari ɗaya, kamfani ɗaya. Kuma ba shi ya zaɓi kamfanin ba, ba ke kika zaɓa ba, hukumar gidan ce ta ba da kwangilar. Mai zaɓa daban, mai biya daban.

Da a nan abin ya tsaya, da sauƙi. Shekara da shekaru, kamfanin da ke neman kwangila ba arahar farashinsa yake tallatawa ba. Abin da yake ɗorawa a kan tebur shi ne kason da zai riƙa mayar wa hukumar gidan yarin daga kowace dala da iyalai suka biya. Kamasho ke nan. A wurare da yawa ya kai rabin kuɗin kiran, a wasu ya wuce haka nesa ba kusa ba. Saboda haka gasa tana nan tsakanin kamfanonin, amma juyawa ta yi. Wanda ya fi yin alƙawarin kamasho mai tsoka shi ke cin kwangila, kuma ba shi da inda zai samo kuɗin cika alƙawarin sai aljihunki. A kasuwar da muka sani gasa sauke farashi take yi, a wannan kuwa ɗaga shi take. Duk wanda ya ce gwamnati ta cire hannu ta bar kasuwa ta daidaita kanta, ki tambaye shi wace kasuwar, tunda mai saye ba shi da ikon juya baya ya tafi wani shago.

Kamfanoni biyu ne suka mamaye harkar. Ɗaya shi ne Securus, wanda ke ƙarƙashin Aventiv. Ɗayan kuma GTL ne, wanda ya koma ViaPath a 2022. Sun haɗiye ƙananan kamfanoni da yawa, kuma sun daɗe a hannun manyan masu zuba jari da sana'arsu ita ce sayen kamfani su tatsi riba. Akwai ƙanana irin su ICSolutions da NCIC da Pay Tel. Kuma kuɗin minti ba shi kaɗai ne ake tatsa ba. An yi zamanin da za ki biya kuɗi don kawai ki zuba kuɗi a asusu, ki biya don a aiko miki da takardar lissafi, ki biya don a mayar miki da ragowar kuɗinki. In asusun ya yi wasu watanni ba a taɓa shi ba, kamfani ya share abin da ke ciki ya mayar nasa. A kan wannan ɗabi'a ta ƙarshe aka maka GTL a kotu, har ya amince da sulhun da ya kai dala miliyan 67.

Akwai wani bambanci da dole ki riƙe, domin duk lissafin da zai biyo baya a kansa ya rataya. A Amurka, gidan yarin jiha ko na tarayya shi ne na waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci mai tsawo. Gidan yarin gunduma kuwa, irin wanda ƙaninki yake ciki, na masu jiran shari'a ne da masu gajeren ɗauri, kuma yawanci yana ƙarƙashin sherif, jami'in tsaron gunduma da ake zaɓa da ƙuri'a. Irin waɗannan gidaje sun kai wajen dubu uku, kowanne da kwangilarsa. A nan tsadar ta fi muni tun da can, alhali mafi yawan waɗanda ke ciki kotu ba ta same su da laifi ba tukuna, da yawansu kuɗin beli ne kawai ya gagare su. Mutumin da ya fi kowa buƙatar waya, don neman lauya da mai tsaya masa da sanar da wurin aiki, shi aka fi tsauwala wa.

Wadda ta ja wannan magana har ta zama doka wata tsohuwa ce a birnin Washington, Martha Wright, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta rasa ganinta. Jikanta yana ɗaure, ana ta yawo da shi daga wannan gidan yari zuwa wancan, nesa da gida. Ba ta iya karanta wasiƙa, tafiyar kuma ta fi ƙarfinta, waya ce kaɗai ta rage mata. A shekarar 2000 ita da wasu iyalai suka shigar da ƙara. Kotu ta tura su wurin FCC, suka miƙa kokensu a 2003. Sai da koken ya shekara goma yana kwance. A wancan lokaci kiran minti 15 daga wata jiha zuwa wata yana iya kaiwa dala 17, a ƙasar da mutanen waje suka riga suka saba da kira kusan kyauta.

A 2013 ne, lokacin da Mignon Clyburn ke riƙon shugabancin hukumar, aka fara sa iyaka: senti 21 a minti in da kuɗin da aka riga aka zuba ake kira, senti 25 in wanda aka kira ne zai biya. Amma iyakar ta shafi kiran da ya tsallaka daga jiha zuwa jiha ne kawai. A 2015 hukumar ta yi yunƙurin haɗawa da kiran cikin jiha, ta sa senti 11 ga gidajen yarin jiha. Martha Wright ba ta ga wannan ba, ta rasu a farkon shekarar. Kamfanonin suka garzaya kotu. Da Donald Trump ya hau a 2017, sabon shugaban hukumar, Ajit Pai, ya ce lauyoyinsa ba za su kare ɓangaren kiran cikin jiha ba, domin a ganinsa doka ba ta ba hukumar wannan hurumi ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta Washington ta yanke hukunci daidai da haka a tsakiyar shekarar.

Abin da ya biyo baya sai ki riƙe baki. Kusan kashi 80 cikin 100 na kiran da ke fita daga gidajen yari na cikin jiha ne, domin yawanci kusa da gida ake tsare mutum. To sai ya zamana kiran wanda ke can ƙarshen ƙasa ya fi arahar kiran uwar da ke unguwar bayan gidan yarin. Iyalai suka koma sayen lambar wata jiha don su samu rangwame. A 2021 hukumar ta ƙara sauke na tsakanin jihohi zuwa senti 12 a gidajen yarin jiha da senti 14 a manyan gidajen gunduma, ban da ɗan ƙarin da aka bari don kamasho, amma babban ramin yana nan a buɗe. Kiran bidiyo kuwa babu mai iko da farashinsa sam.

Wannan rami majalisa ta cike da dokar da aka raɗa wa sunan Martha Wright-Reed. Sanata Tammy Duckworth ta jihar Illinois ce ta ɗauki nauyinta, Sanata Rob Portman na Ohio daga ɗaya jam'iyyar ya mara mata baya, ta kuma wuce a ƙarshen 2022 ba tare da wata hayaniya ba. Abu biyu ta yi. Ta ba FCC iko a kan kowane kira, na cikin jiha da na waje, na murya da na bidiyo, ko da wace irin na'ura aka yi shi. Sannan ta wajabta cewa farashin ya zama na adalci kuma daidai hankali, tare da cewa kamfani ma a biya shi hakkinsa. Ki lura, dokar ba ta faɗi adadi ba. Ta bar wa hukumar ta ƙirga, kuma a wurin ƙirgar ne ake ta dambe har yau.

Ga abin da hukumar ta fitar a Yulin 2024 ƙarƙashin Jessica Rosenworcel. Kiran murya senti 6 a minti a gidajen yarin jiha da manyan gidajen gunduma masu mutum dubu ko fiye. Daga nan yana hawa gwargwadon ƙanƙantar gidan: senti 7, senti 9, har senti 12 a gidan da bai kai mutum ɗari ba. Na bidiyo an sa masa iyaka ta wucin gadi, daga senti 11 a manyan gidajen gunduma zuwa senti 25 a mafi ƙanƙanta, gidajen jiha kuma senti 16. Hukumar da kanta ta ba da misali cewa kiran minti 15 da ke iya kaiwa dala 11.35 a babban gidan gunduma zai koma senti 90. Ta ƙiyasta cewa iyalai za su tsira da dala miliyan 386 a shekara. Amma a wurina lambobin ba su ne babban abin ba. Babban abin shi ne an haramta kamasho gaba ɗaya, an haramta kuɗaɗen gefe, an kuma hana cinye kuɗin asusun da ya kwanta. A karon farko an taɓa jijiyar matsalar.

Aka tsara fara aiki daga Janairun 2025 a manyan gidaje, ƙanana kuma daga Afrilu, tare da ɗaga ƙafa ga masu tsohuwar kwangila. Kamfanoni suka kai ƙara, manyan lauyoyin jihohi da dama na jam'iyyar Republican suka bi sahu, aka tattara ƙararrakin a kotun ɗaukaka ƙara da ke Boston. A ƙarshen Yunin 2025, hukumar ƙarƙashin sabon shugabanta Brendan Carr ta ɗage wa'adin har zuwa Afrilun 2027, alhali shi kansa Carr yana cikin waɗanda suka amince da tsarin a 2024, ko da yake ya nuna ƙorafi a kan wasu sassansa. A Oktoban 2025 kuma aka kaɗa ƙuri'a, biyu da ɗaya, aka fitar da wani sabon farashi na wucin gadi da aka tsara ya fara aiki a 2026. Kwamishina Anna Gomez ce ta ƙi. A gidajen yarin jiha iyakar ta tashi daga senti 6 zuwa wajen senti 11, kusan ninki biyu, na bidiyo ma ya hau, aka kuma ƙirƙiro wani rukuni na gidajen da ba su kai mutum 50 ba, masu farashi mafi tsada. An bar haramcin kamasho a takarda, amma a cikin wannan sabon farashi har da senti 2 da aka ƙara a kowane minti da sunan kuɗin ɗawainiyar gidan yari.

Me ya ninka farashin cikin wata goma sha biyar, alhali waya ba ta canza ba? Tambaya guda ce: wa zai biya kuɗin sa ido? Duk kiran da ƙaninki ya yi ana naɗe shi, ana ajiyewa. Akwai manhajar da ke gane muryar mai magana, akwai mai laluben wasu kalmomi a cikin hira, akwai mai gano ko an haɗa mutum na uku a layi, akwai ma'aikatan da ke saurare su miƙa wa masu bincike. Waɗannan duka kuɗi ne, kuma kamfanonin sun saba cusa su cikin kuɗin minti. A 2024 hukumar ta bi wata tsohuwar ƙa'ida ta ƙayyade farashin wuta da ruwa da tarho, wadda ke cewa ba a ɗora wa mai saye sai kuɗin abin da ke yi masa amfani a hidimar da ya saya. Da wannan ma'auni ta cire mafi yawan kuɗin sa ido daga lissafi. A 2025 aka mayar da su, bisa hujjar cewa in babu tsaro babu gidan yarin da zai bari a yi kira, saboda haka tsaron wani ɓangare ne na kiran.

Ni dai ina tare da lissafin farko. Ban ce kada a saurari kiran fursuna ba. An sha kama masu shirya razana shaidu da masu safarar ƙwaya ta waya, kuma hukuma na da hakkin ta hana. Amma wannan aikin tsaron jama'a ne, kuma aikin tsaron jama'a daga baitulmali ake biyansa. Ba a aiko wa uwar ɗaurarre takardar kuɗin katanga ko albashin gandiroba, to don me za a aiko mata da kuɗin na'urar da ke naɗar muryarta don amfanin mai gabatar da ƙara? Ga shi kuma wanda ba ya biyan kuɗin abu ba ya jin nauyin saye. Muddin iyalai ne ke biya, sherif ba shi da dalilin ƙin kowace sabuwar manhaja da aka tallata masa. Kuma wannan tarin bayanai ba ya rasa nasa haɗarin. A 2015 jaridar The Intercept ta bayyana cewa an kwashe bayanan kira sama da miliyan 70 daga rumbun Securus, ciki har da dubban kira tsakanin waɗanda ke tsare da lauyoyinsu, waɗanda bai kamata a naɗa ba tun farko.

Sai dai a yi wa ɗaya ɓangaren adalci. Gidan yarin ƙauye mai gado talatin ba daidai yake da na birni mai mutum dubu biyar ba. Kuɗin kafa na'ura kusan ɗaya ne, amma mintunan da za a raba shi a kansu kaɗan ne. Mutane kuma shiga suke suna fita cikin kwana biyu ko uku, kowanne sai an buɗe masa asusu. Shi ya sa iyakar ke hawa yayin da gida ke ƙanƙancewa, kuma wannan ba zalunci ba ne. An ma samu sherif ɗin gundumar Baxter a jihar Arkansas da ya sanar a 2025 cewa zai cire wayoyin gaba ɗaya saboda sabon tsarin, kuma irin wannan barazana hukumar ta kafa hujja da ita wajen ja da baya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki matsalar ƙananan gidaje a yi amfani da ita wajen ɗaga farashin manya, inda mafi yawan mutane suke.

Batun bidiyo da kika ambata ya fi ci mini rai. Da aka fara kawo shi, an tallata shi a matsayin ƙari, don kakar da ba ta iya tafiya da yaron da ke wata jiha. Sai ga shi ya zama madadi. Wani bincike da ƙungiyar Prison Policy Initiative ta fitar a 2015 ya gano cewa kashi 74 cikin 100 na gidajen gunduma da suka kawo bidiyo sun soke ziyarar ido da ido. Wasu kwangilolin Securus ma ƙarara suka shardanta a soke ta, sai da surutu ya yi yawa kamfanin ya ce ya cire wannan sharaɗi a shekarar. Dalilin a fili yake: ziyara kyauta ce kuma tana cin lokacin ma'aikata, bidiyo kuwa kuɗi yake kawowa. Jihar Texas ta yi doka a 2015 da ta wajabta wa gidajen gunduma barin ziyarar ido da ido, ko da yake ta keɓe waɗanda suka riga suka kashe kuɗi a kan bidiyo. A 2024 wasu iyalai a gundumomin Genesee da St. Clair na jihar Michigan sun kai ƙara, suna cewa 'ya'ya na da hakkin rungumar iyayensu. FCC ba ta da iko a kan wannan. Farashin bidiyo za ta iya ƙayyadewa, amma ba za ta iya tilasta wa sherif ya buɗe ɗakin ziyara ba. Wannan maganar jiha ce da gunduma.

Abin takaicin, ita kanta gwamnati ce ke cin ribar zumuncin da ake tsauwala wa. Hukumar gidajen yarin Minnesota ta bi diddigin dubban fursunoni, ta fitar da sakamako a 2011 cewa wanda ake ziyarta haɗarin sake samunsa da babban laifi yana raguwa da kashi 13 cikin 100. A ɗaya hannun, binciken da cibiyar Ella Baker ta jagoranta a 2015 ya nuna cewa iyali ɗaya cikin uku na cin bashi don biyan kuɗin waya da ziyara, kuma mafi yawan masu ɗaukar nauyin mata ne, irinki.

Wasu wurare sun gaji da jiran Washington. Jihar New York ta daina karɓar kamasho a gidajen yarinta tun 2007, farashi ya faɗi nan take. Birnin New York ya mayar da kira kyauta a gidajensa daga 2019. Connecticut ce jiha ta farko da ta yi dokar kira kyauta, a 2021, sai California da Colorado da Minnesota da Massachusetts suka biyo. Ta Massachusetts ta haɗa har da gidajen gunduma, ta California kuwa ba ta haɗa da su ba. A waɗannan wurare kamfani yana nan, ana kuma biyansa, amma gwamnati ce ke biya. Da mai zaɓa ya zama shi ne mai biya, sai ga shi ya iya ciniki, yana samun minti a kan 'yan senti kaɗan. Wannan tsari ne kaɗai na gani da ba ya rawa duk lokacin da aka canza shugaban FCC.

Yanzu abin da ya shafe ki kai tsaye. Fara da sanin girman gidan da yake ciki da sunan kamfanin da ke riƙe da kwangilar. Doka ta wajabta wa kamfanin ya bayyana farashinsa, kuma za ki same shi a shafinsa na intanet ƙarƙashin sunan gidan. Ki kwatanta da iyakar tarayya, sannan ki duba ta jiharku, domin jiha na da ikon sa iyakar da ta fi ta tarayya sauƙi, kuma wasu sun yi. In abin da ake cire miki ya zarce, ki adana shaidar biya ki kai koke wurin FCC ta shafinta na karɓar koken masu amfani da waya, da kuma hukumar kula da farashin wuta da sadarwa ta jihar. Kyauta ne.

Ki buɗe asusu ki zuba kuɗi tun kafin ya kira. Kada ki bi muryar na'urar nan da ke cewa danna lamba kaza ki biya wannan kira guda da katin banki, a nan aka daɗe ana yanka mutane. Ki yi hattara da saƙonnin rubutu na kwamfutar hannu da ake raba musu, da waƙoƙi da wasanni da ake sayarwa a cikinta. Iyakar FCC ba ta hau kansu ba, kuma can kamfanonin suka karkata neman riba tun da aka fara matsa musu a kan kira. In za a sallame shi ko a canza masa gida, ki nemi ragowar kuɗinki da bakinki, kada ki jira.

Game da Mama, Allah Ya ƙara mata lafiya da haƙuri. Ba a kiran wanda ke tsare, shi ne ke kira. Kiran ƙasar waje ma yana ƙarƙashin iyaka: farashin minti na gidan, a ɗora masa abin da kamfanin ke biya don isar da kiran zuwa ƙasar da aka kira. Sai dai ba kowane gida ne ke barin kiran waje ba, wasu kuma sai an sa lambar cikin jerin waɗanda aka amince da su. Kada ki yi dabarar haɗa ta a layi yayin da yake magana da ke. Na'urar na ganewa, za ta yanke kiran, ana iya toshe lambarki, shi kuma a hana shi waya na wani lokaci. Wasu iyalai kan samar wa na gida lambar Amurka ta manhajar intanet, amma akwai gidajen da ke toshe irin waɗannan lambobi, saboda haka ki tambayi hukumar gidan kafin ki kashe kuɗi.

Tunda shari'arsa ba a gama ba, ki ja masa kunne, ke ma ki kiyaye: kada a taɓa maganar abin da ake tuhumarsa da shi a waya ko a bidiyo, ko da da Hausa ne. Ana naɗewa, ana iya ba mai fassara, kuma masu gabatar da ƙara na kunna irin wannan a gaban alƙali. Ki gaya wa Mama ma, domin ita ce za ta fara tambayarsa me ya faru. Maganar shari'a ta lauya ce kaɗai, kuma ki tabbatar lauyan ya yi rajistar lambarsa da gidan yarin a matsayin layin da ba a naɗa kafin su fara magana.